Magani na nan a kwali, amma wa zai zuba wa babur mai?

Anti Hauwa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani abu ne ya tsaya min a rai, na ce bari in sauke shi a nan. Shekarata goma sha ɗaya ina aiki a wani ƙaramin asibitin karkara a nan jihar Bauchi, kuma teburin masu tarin fuka ni ke riƙe da shi. In mutum ya zo da tarin da ya wuce mako biyu, ga zufar dare, ga rama, sai mu ba shi ɗan kofi mai murfi ya tofa kaki a ciki. Mu ba mu da injin gwaji. Akwai wani yaro mai babur da ke zagayowa duk Talata da Alhamis, ya jera kofunan a akwatin sanyi ya kai babban asibiti, kwana biyu sakamako ya shigo min ta waya. Ba gwamnati ke biyan yaron nan ba, wata ƙungiya ce da ke samun kuɗinta daga Amurka. Tun da aka dakatar da tallafin a farkon 2025 ya daina zuwa. Daga baya an ce wasu ayyukan sun dawo, amma hanyarmu dai ba ta dawo ba.

Makon jiya wani dattijo mai sayar da itace ya zo, ana riƙe da shi. Na karɓi kakinsa, na saka a kula da ƙanƙara, na jira motar kasuwa. Motar ba ta cika ba sai bayan la'asar. Kafin a isa ƙanƙara ta narke, ɗakin gwaji sun tashi, murfin kofi ya saki a hanya. Sai da na sake aika wa tsohon nan ya dawo, tafiyar da ke cin masa kuɗin itacen kwana biyu. Abin da ya fi ƙona min rai, maganin yana nan a kabad ɗina, kwali guda da sunan kowa ba a rubuta ba. Yaron kuwa na gan shi ranar kasuwa a tasha yana kabu-kabu, har yanzu robar da yake ɗaure akwatin tana nannaɗe a bayan babur ɗin.

Kullum a rediyo ana cewa gwamnati ta ware kuɗin sayen magani. Madalla. To wa zai zuba wa babur mai?

Auwal ɗan Yelwa:
Wa alaikumus salam Anti. Ki yi haƙuri, amma ni wallahi daɗi na ji da suka janye. Kayan aro ba ya rufe katara. Shekara sama da ashirin, tun 2003 da shugaban Amurka Bush ya kafa PEPFAR, shirinsu na yaƙi da ƙanjamau, wata ƙasa ce ke sayen maganin 'yan'uwanmu, mu kuwa muna sayen jeren motoci. Ƙasa mai man fetur! Gara a yanke mana nonon nan ko ma fara cin tuwo.

Ummu Khalil:
Auwal, ko yaye ma ai ba a yinsa rana ɗaya. Sai an fara ba yaro kunu tukuna. Wanda aka cire dare ɗaya kai ma ka san yadda yake komawa.

Auwal ɗan Yelwa:
Yaya, mu ne yaron da ya shekara ashirin a baya. Yaushe za a fara kunun?

Baba Garba mai ritaya:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, amma ku bari in gaya muku inda gizo ke saƙa, don na yi shekara talatin da biyu ina ɗaukar fayil ɗin kuɗi daga wannan tebur zuwa wancan kafin in ajiye aiki.

Kuɗin gwamnati hawa uku gare shi. Akwai a rubuta a kasafi, akwai a sa hannu an amince, akwai a saki. Abin da kuke ji a rediyo hawan farko ne. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a gidanmu, suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya. Kasafin tarayya bai taɓa kai wa nan ba. Jihohi kan rubuta babban kaso a takarda, har a yi musu tafi, amma ku je ku duba rahoton ƙarshen shekara ku ga nawa aka saki.

Yanzu ga abin da ya shafi tambayar 'yata Hauwa. Kasafi kashi-kashi ne: albashi, manyan ayyuka, sai kuɗin gudanarwa. Albashi dole a biya, in ba haka ba a yi yajin aiki. Manyan ayyuka ana son su, don gini ana ganinsa, ana yanka ƙyalle, ana ɗaukar hoto, kuma akwai ɗan kwangila da ke bin fayil ɗin da ƙafarsa har ya fito. Amma man babur, da katin waya, da batirin sola, da takardar rajista, da ladan mai bin marasa lafiya gida-gida, duk suna ƙarƙashin gudanarwa. Wannan fayil ba shi da uba. Babu mai binsa, babu mai samun komai a kansa. In wata ya zo da ƙarancin kuɗi, shi ake fara turawa ƙasan tire. Ni da hannuna na sha tura shi, Allah ya yafe mana. Masu tallafi kuwa daidai wannan gurbin suka cike shekara da shekaru, har muka manta cewa gurbi ne.

Anti Hauwa:
Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da na kasa faɗa ke nan kuka faɗa. Mai shigar mana da bayanai a kwamfuta ma ƙungiya ke biyansa. Da ya tafi, ya tafi da lambar sirrin shiga. Wata biyu muna rubutu a littafi ba mai turawa sama, kuma da abin da aka tura ake lissafa maganin da za a kawo mana.

Ibrahim mai kemis:
Bari in shigo da lissafi, don ni harkar magani ce sana'ata. Mutane na zaton ƙwayar ce mai tsada. A da haka ne, yanzu ba haka ba. Maganin ƙanjamau da yawancin mutane ke sha, ƙwaya ɗaya a rana mai haɗin magani uku, Global Fund, asusun duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da maleriya, ta sanar a 2023 cewa ta samo shi ƙasa da dala 45 ga mutum ɗaya a shekara. Babban binciken da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da cutar a Najeriya. Ku buga: ko kowa da kowa aka ɗora a kan magani, bai kai dala miliyan 90 a shekara ba. Ƙasar nan ba za ta ce wannan ya fi ƙarfinta ba.

Amma akwai tarko biyu. Na ɗaya, wannan farashin na mai sayen sari ne, wanda ke haɗa odar ƙasashe da yawa ya biya a kan lokaci. In kowace jiha ta ce za ta ba ɗan kwangilarta ya sayo mata, farashin zai ninka, kuma ta nan jabu ke shigowa. Na biyu, da dala ake saye. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Kasafin da aka rubuta da naira a Janairu, kafin a sake shi a Oktoba ya zama rabin kwali.

A Fabrairun 2025 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen maganin ƙanjamau, majalisar dokoki kuma ta ƙara kimanin dala miliyan 200 a kasafin lafiya don toshe giɓin. Ba zan raina ba, an motsa da wuri. Sai dai biliyan 4.8 ɗin nan in ka mayar da ita dala, miliyan uku ce da 'yan kai. Toshe ɓaraka ce, ba gini ba.

Auwal ɗan Yelwa:
To ka gani. Da aka matsa ai kuɗin ya fito. Da can ina yake?

Ibrahim mai kemis:
Ka koma ka karanta hawa ukun Baba Garba, ƙanina.

Babayo daga Gombe:
Gaisuwa daga maƙwabta. Mu a nan girgizar ba ta kai taku ba, kuma akwai dalili. An raba jihohi ne tsakanin masu tallafi. A harkar zazzaɓin cizon sauro, Bauchi tana cikin jihohin da shirin shugaban Amurka ke ɗauka, Gombe kuwa tana hannun Global Fund. Shi ya sa da aka rufe famfo a Washinton ku kuka fara jin ƙishi. Amma kada wani Bagombe ya yi dariya. Amurka ce ta fi kowa zuba kuɗi a Global Fund ɗin, kuma Ingila ma ta sanar a Fabrairun 2025 cewa za ta rage tallafinta daga kashi 0.5 zuwa 0.3 na kuɗin shigarta. A tsakiyar shekarar ita kanta Global Fund ta rage wa ƙasashe kasonsu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin dariya abin takaici, tsakanin Alkaleri da Gombe sauro ɗaya ne, bai san iyakar jiha ba, amma gidan sauron da za ka samu ya danganta da wace ƙasar waje ce ta ɗauki jiharku.

Ummu Khalil:
Ni maganin damina na kariyar zazzaɓin cizon sauro ne damuwata. Wanda 'yan mata ke bi gida-gida suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar, wata-wata, su ba da na farko a gabansu su bar miki na kwana biyu. Kafin a fara kawo shi, duk Agusta sai na kwana a asibiti da ɗaya daga cikin yarana, har ƙarin jini an taɓa yi wa Khalil. Tun da aka fara, shekara uku ban kwana ba. In wannan ya tsaya, ba a rediyo za a ji ba, a ɗakin yara za a gani.

Shugaban zaure:
Wani ɗan zauren nan ya turo min saƙo ta gefe, ya ce in saka ba suna. Ga shi yadda ya rubuto, kuma don Allah kada wanda ya fara cankar ko wane ne.

"Ni ina cikin mutanen da kuke lissafawa. Shekarata goma sha huɗu ina shan maganin ƙanjamau. Matata ma tana sha. 'Ya'yanmu uku, babu wanda ya ɗauka, saboda an kula da ita tun tana da ciki. Ina zuwa aiki, ina bin sahu a masallaci, wasunku mun sha cin abinci kwano ɗaya. A da na wata shida ake ba ni, in je sau biyu a shekara. Lokacin da abin nan ya faru, sai aka koma ba mu na wata ɗaya, wai a raba kowa ya samu. Ba na karɓa a garinmu, ina tafiya wani gari saboda idon sani. Kuɗin mota sau goma sha biyu ba ɗaya yake da sau biyu ba, ga neman uzuri a wurin aiki kowane wata. Na san mutum biyu da suka fara tsallake rana don ya kai su. Gwajin jinin da ake mana don a ga ko ƙwayar cutar ta kwanta, nawa ya wuce lokacinsa da wata biyar.

Ɗan'uwa Auwal, ban ji haushinka ba, ni ma ina jin kunyar a ce baƙo ne ke riƙe da raina. Amma kai kana maganar shekara ashirin, ni ina ƙirga ƙwayoyin da suka rage a roba.

Sannan ana ta cewa za a haɗe ɗakinmu da sauran asibiti, mu bi layi ɗaya da kowa don a rage kashe kuɗi. Mai ba da kati a babban layi ɗan unguwarmu ne. Ku yi min bayanin yadda zan yi."

Auwal ɗan Yelwa:
Subhanallah. Bawan Allah ka yafe min, bakina ya yi kaifi. Allah ya ƙara lafiya. Ra'ayina bai canza ba a kan cewa mu ya kamata mu riƙe kanmu, amma "daɗi na ji" ɗin nan na janye shi.

Madam Rifkatu:
Na gode wa mai saƙon nan, ya yi jarumta. Ni nas ce, na yi aiki a ɓangaren Dass da Tafawa Ɓalewa kafin a dawo da ni cikin gari, kuma a kan haɗewar nan ina da ra'ayi dabam kaɗan, ɗan'uwa ka saurare ni.

Ɗakin nan na daban shi ma tambari ne. Na yi aiki a inda kowa ya san koren ƙofar nan ta bayan ɗakin magani ta su wane ce. Mace ta shiga sau ɗaya, kafin ta kai gida labari ya riga ta. In kuwa layi ɗaya ne da mai hawan jini da mai ciwon suga, wa ya san abin da ke cikin ledarka? Matsalar ba layin ba ce, bakin ma'aikata ne. Ma'aikatan da ƙungiyoyi suka ɗauka an horar da su a kan riƙe sirri, kuma sun san in suka yi surutu aikinsu ya tafi. Namu na gwamnati wa ya taɓa kora don ya yi gulmar mara lafiya?

Kuma gaskiya tsarin da muka saba ba zai ɗore ba ko da kuɗin bai tsaya ba. A asibiti ɗaya, ɗakin ƙanjamau da fanka da sola da kwamfuta uku, ɗakin haihuwa kuwa da fitilar waya muke karɓar haihuwa. Mai tarin fuka da fam ɗinsa, mai maleriya da nasa, rigakafi da nasa, kowanne da babur ɗinsa da taron bitarsa a otal. Babur uku na bin hanya ɗaya, kowanne da kwali ɗaya. Gwamnatin jiha ba za ta iya gadon wannan yadda yake ba, kuma bai kamata ta gada ba. Babur ɗaya ya ɗauki kakin Hauwa, da jinin gwajin ɗan'uwanmu, da allurar rigakafi, a tafiya ɗaya.

Anti Hauwa:
Madam, ban ƙi ba. Amma a fara samar da ɗayan kafin a kashe ukun. Mu yanzu sifili muke da shi.

Madam Rifkatu:
Wannan kam haka ne.

Alhaji Sabo na Wunti:
Ni ba ɗan boko ba ne, ɗan kasuwa ne. Tun ɗazu nake karantawa ina jiran in ji adadin da ya gagara, sai na ji ana maganar man babur. Jama'a, man babur! A layinmu kaɗai, abin da muke kashewa a walimar saukar Alhazai zai riƙe yaron nan shekara. Me zai hana a karkata zakka nan?

Malam Nuhu:
Alhaji, Allah ya saka da alheri. Sai dai a yi hattara, zakka tana da masu ita, kashi takwas da aka ambata a Suratut Tauba, kuma malamai da yawa sun tafi a kan sai an mallaka wa mabuƙacin a hannunsa. Za ka iya ba tsohon nan mai itace zakka ya yi kuɗin mota da abinci, wannan babu ja. Amma man babur da ladan ma'aikaci, ƙofar da ta fi faɗi ita ce sadaka da waƙafi. Mutum ya tsayar da shago ɗaya, hayarsa ta riƙa tafiya wannan hanya har bayan ransa. A nan an fi sanin waƙafi da masallaci da rijiya, alhali a tarihin Musulunci asibitoci manya da waƙafi aka riƙe su.

Baba Garba mai ritaya:
Alhaji, ina tare da kai rabi. Ka zuba mai, Allah ya ba ka lada. Amma na san halin gidan da na fito. Ranar da aka ji 'yan kasuwa sun ɗauka, ranar za a goge layin daga kasafi gaba ɗaya. Mun canza Bature da Alhaji ke nan, gurbin yana nan.

Ku bari in tuna muku abin da aka taɓa yi a jihar nan, don ba sai mun je wata ƙasa neman misali ba. A 2014 gwamnatin Bauchi ta sa hannu a yarjejeniya da gidauniyar Gates da ta Ɗangote a kan rigakafin yara. Asusu ɗaya aka buɗe, kowa ya zuba nasa. Dabarar ita ce kason masu tallafi yana raguwa shekara-shekara, na jiha yana ƙaruwa, kuma an rubuta ranakun tun farko. Sannan ana zama a duba, gwamna da kansa a gaban Ɗangote da Bill Gates, a karanta wa ya saka nasa wa bai saka ba. Babu gwamnan da ke son a karanta sunansa a wannan zama a ce bai biya ba. Kuɗin fita ƙauyuka kuma ana tura shi asusun asibitin kai tsaye, ba ya kwana a hedikwata. Ban ce komai ya tafi daidai ba, amma an yi yaye irin wanda Ummu Khalil ke nufi. Abin da ya faru a 2025 kuwa, ranar 20 ga Janairu aka sa hannu a takarda, kafin mako ya zagayo an ce kowa ya ajiye aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu ma shekara ashirin muna kallon gorar ba mu fafe ba.

Gavi ma da ke taya mu sayen alluran rigakafi, an riga an tsayar da 2028 a matsayin lokacin da Najeriya za ta ɗauki nauyin kanta. Wannan ba za mu ce an yi mana ba-zata ba.

Auwal ɗan Yelwa:
Baba, to Ministan Lafiya ai namu ne, Farfesa Muhammad Ali Pate ɗan Misau. Har shugabancin Gavi ɗin aka ba shi ya bari ya dawo gida a 2023. In ba a gyara yanzu ba sai yaushe?

Baba Garba mai ritaya:
Ya san aikin, babu musu, shi ya riƙe hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa lokacin da ake tsakiyar yaƙi da shan-inna. Amma minista ba ya zuba mai a babur ɗin ƙauyen su Hauwa. Ƙaramin asibiti na jiha ne da ƙaramar hukuma. Tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Muna da ciyaman ashirin a jihar nan. Wa ya taɓa tare ɗaya daga cikinsu ya tambaye shi nawa ya ware wa jigilar gwaji? Mu dai mu tambaye su taki da kujerar Makka.

Ibrahim mai kemis:
Wasu ƙasashen sun ɗaure kuɗin ne yadda ba mai taɓawa. Zimbabuwe tun wajen 2000 take cire kashi 3 cikin ɗari a kan harajin da ake biya, musamman don ƙanjamau. Afirka ta Kudu ita ke sayen mafi yawan maganinta da kuɗinta, amma ku lura, ita ma da tallafin ya tsaya, ma'aikatan bin marasa lafiya da masu shigar da bayanai ne suka fara tafiya. Ciwon Anti Hauwa ne dai a can ma. Mu nan an saka harajin naira 10 a kan kowace litar lemon kwalba tun dokar kuɗi ta 2021, amma ba a ɗaure shi ga lafiya ba, ya faɗa babbar tukunya.

Abu ɗaya da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne haɗa magani a gida. A 2024 kamfanin Swipha na Legas ya samu amincewar Hukumar Lafiya ta Duniya a kan maganin kariyar maleriya da ake ba masu ciki, kuma a shekarar aka cire harajin shigo da kayan haɗa magunguna. Tafiya ce mai nisa, amma ita ce ke raba mu da ciwon dala.

Madam Rifkatu:
Akwai wanda ba a ambata ba. Jami'an da ke sa ido kan ɓarkewar cuta a ƙananan hukumomi, yawancin abin hawansu da kuɗin fitarsu daga shirin shan-inna ya samo asali. An ba Afirka shaidar rabuwa da shan-inna na daji a Agustan 2020, kuɗin shirin kuma yana ta ja baya. Amma mutanen nan su ne ke fara jin labarin kwalara da ƙyanda da zazzaɓin Lassa, kuma kowa ya san Bauchi tana cikin jihohin da Lassa ta fi damu duk rani, tare da Ondo da Edo. Ko Ebola da ta shigo Legas a 2014, da mutanen shan-inna da tsarinsu aka tare ta. In suka zauna a ofis ba mai, sai cuta ta cika ƙauye kafin a ji.

Sagir Barkwanci:
Ni dai a taimaka kada a daina raba gidan sauro, tumatirina a fadama ya saba da shi.

Ummu Khalil:
Sagir, Allah ya shirye ka. Irinku ne kuka sa ake cewa ba ma so.

Shugaban zaure:
Sagir a kiyaye, magana ce ta rai. Anti Hauwa, akwai kuɗin nan na asusun lafiya matakin farko da dokar 2014 ta tanada, kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, wanda ake turawa asibitoci duk wata uku. Ba za a iya cire man babur a ciki ba?

Anti Hauwa:
Ranka ya daɗe, ana iyawa in an saka shi a tsarin kashe kuɗin da shugaban asibiti da kwamitin ci gaban gunduma ke sa wa hannu. Sai dai asibiti ɗaya ake zaɓa a gunduma, kuma namu ba shi ne ba. Na gundumarmu yana da nisan kilomita tara daga wurinmu. Na yi magana da mai riƙe da shi, mutumin kirki ne, ya nuna min littafinsa: magani, gyaran rijiyar burtsatse, ladan mai gadi da mai shara, kuɗin ya ƙare. Ya ce in kawo maganar zaman kwamiti na gaba, in mai unguwarmu zai zo ya goya min baya.

Kuma don kada a ɗauka tsohon nan shi kaɗai ne abin ji. Tarin fuka wata shida ake shan maganinsa ba fashi. Yawanci bayan wata biyu mutum ya ji sauƙi sai ya ɗauka ya warke. Da akwai matar da ke bin su gida tana duba katinsu, ita ma ƙungiya ke ba ta ɗan alawus. Yanzu ni ke kiran su da katina, wanda wayarsa ke kashe shi ke nan. Wanda ya yanke magani a tsakiya, tarin na iya dawo masa da taurin kai, maganin farko ya daina kama shi, kuma irin wannan taurin zai shafa wa na kusa da shi. A rajistata yanzu mutum huɗu ne ban san inda suke ba.

Alhaji Sabo na Wunti:
Hajiya Hauwa, lita nawa yaron ke sha a mako?

Anti Hauwa:
In hanyarmu ce kaɗai, zuwa da dawowa sau biyu, lita shida ta isa, sai ɗan abin da za a ba shi na wahala. In zai haɗa da asibitoci biyun da ke kan hanya, a ce takwas.

Alhaji Sabo na Wunti:
A yi takwas ɗin. Ki tura wa shugaban zaure lambarsa ta gefe. Na ɗauka.

Baba Garba mai ritaya:
Alhaji, na roƙe ka abu ɗaya. Ka ce wata uku, kuma a rubuta a takarda cewa wata uku ne, a kai wa kwamitin gunduma da ciyaman kwafi. Ni zan rubuta takardar, na san irin kalmomin da ke sa fayil ya motsa. Hauwa, ki turo min adadin kofunan da yaron ya ɗauka a shekarar kafin ya daina zuwa da adadin waɗanda aka samu da cutar, ba sunaye, lamba kawai. Auwal, kai da ke da zafi, kai za ka kai ta sakatariya, kuma kada ka baro wurin sai an buga maka hatimin karɓa a kwafinka.

Auwal ɗan Yelwa:
Na karɓa Baba. In sun ce oga ba ya nan fa?

Baba Garba mai ritaya:
Zai ce ba ya nan. Ka tafi da abin karyawa.

Anti Hauwa:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Baba, zan buɗe rajista gobe in ƙirgo muku. Sakamakon tsohon ya fito jiya da yamma, yana da shi, na fara ba shi magani yau da safe. Ɗaki ɗaya yake kwana da jikoki uku, ƙaramar ba ta kai shekara huɗu ba kuma an ce ita ma tana tari. Yara ba sa iya tofa kaki, sai dai a ɗauki bayan gidansu a gwada, shi ma injin nan ne dai na babban asibiti. Na ce uwar ta kawo su Talata da sassafe. Shugaba, ga lambar yaron nan na tura maka, a gaya masa ya zo da akwatin, in bai mayar wa ƙungiyar ba.